A Bakin Turmi Zan Tambaye Ta

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗiya da mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Baba yana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da kika bar shi da shi. Balki ta gama karatun jinya, tana aiki a wani ɗan asibiti a hanyar Manga. Takwararki da na haifa, wadda ba ki gani ba, ta fara tafiya, tana bin bango tana faɗuwa. Ummi muke ce mata.

Zan faro miki daga ranar da hankalina ya rabu biyu. Wata Asabar ce a farkon kaka, dawa ta fara sunkuyar da kai. Ina tsakar gida da littafi a cinya, shinkafa tana neman kamawa a kan wuta, sai Nasiru ya yi sallama. Ba ki san shi ba. Bayan rasuwarki ya dawo daga Kaduna ya buɗe shagon gyaran waya, kuma ya daɗe yana zuwa zance wajen Balki da sanin Baba. Yaro ne mai kirki, mai yawan dariya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya waiga hagu da dama kamar wanda ya ɗauko abin wani, sannan ya ciro ɗan akwati ja daga aljihu. Zobe ne a ciki.

Ya ce, “Yaya Hauwa, ke kaɗai za ki gane abin da nake nufi. So nake in tambaye ta irin yadda ake yi a waya, kafin in tura su Kawu.”

Inna, shinkafar nan ta ƙone, ban ko ji ƙauri ba.

Kin san ni da littattafan soyayya. Kin sha ciro su daga ƙarƙashin katifa, har daga cikin buhun gero. Ba ki taɓa ƙona ko ɗaya ba, sai dai ki juya shi ki duba bangon ki ce, “Su mutanen nan na cikin takarda, ba su cin tuwo ne? Kullum sai kallon juna?” Na yi aure, na haihu, ban daina ba. Kuma akwai abin da ban taɓa gaya miki ba: na daɗe ina jin kamar an rage mini wani abu. Baban Ummi bai taɓa durƙusa mini ba. Duk zuwansa zance, labarin ciwon shanu yake ba ni da lalacewar hanyar Ribah. Sai ga shi an kawo mini irin abin da nake karantawa har cikin gida, an ce in tsara.

Ga abin da muka shirya. Akwai wani dattijo, Malam Bawa, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya. Duk Asabar da safe yana tara baƙi, yawanci 'yan bautar ƙasa da ɗalibai, ya zaga da su gari a ƙafa yana ba su labarin wurare. Daga bakin kasuwa ake tashi, a bi ta maƙera, a ratsa tsohuwar unguwa, a ƙare a kan dutse inda ake hango garin gaba ɗaya. Balki ta sha cewa tana son ta bi su wata rana. Aikina shi ne in ja ta mu je, in lallaɓa ta ta sa atamfarta mai ruwan ganye ba tare da ta zargi komai ba. Nasiru zai ɓullo a hanya kamar haɗuwa ce kawai. Idan an kai kan dutse, Malam Bawa zai ce saura tarihi guda da ba a rubuta ba tukuna, sai ya ja gefe. Ni na ƙirƙiro wannan maganar, kuma na yi kwanaki ina jin daɗin kaina a kanta.

Har fure muka tanada. Na roba ne, daga shagon Madam Ngozi. Da ta ji abin da za a yi da shi sai ta tafa hannu ta ce, “Maman Ummi, wannan fulawa ba ya mutuwa! Ko sun yi faɗa, yana nan.” Ta ƙara mana da kintinkiri kyauta. Abokin Nasiru zai ɗauki bidiyo, wani kuma zai riƙe lemo.

Asabar da ta wuce muka je gwaji, ni da Nasiru, don mu ga hanya mu san inda kowa zai tsaya. Na bar Ummi wajen maƙwabta. Malam Bawa yana gaba da lemarsa a naɗe, da ita yake nuna komai. A maƙera ya sa wata 'yar bautar ƙasa ta gwada zuga, ta yi baƙi har goshi, kowa yana dariya. Da muka hango gonaki ya ba su labarin golmo, yadda samarin ƙabilar Lelna kan yi shekaru suna noma a gonar surukai kafin a ba su mata. Ya zunguri Nasiru da lema ya ce a hankali, “Ka ji ko? Da fartanya ake tambaya a nan. Kai ka samu sauƙi, naka ya shige aljihu.”

Ina ta murna, ina lissafin inda rana za ta kasance don hoto ya yi kyau. Sai muka shiga wani lungu a tsohuwar unguwa. Ta bayan wata katanga wasu mata suna daka. Ban gan su ba, ƙarar taɓarya kawai nake ji, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Ƙafata ta tsaya. Jama'a suka wuce suka bar ni a lungun, sai da Nasiru ya dawo yana tambayar ko ƙaya na taka.

Ke na ji, Inna.

Kin tuna ranar da kawunnan Baban Ummi suka zo? Suna zaure da Baba, aka aiko cikin gida cewa ana son a ji ta bakina. Ni ce ta fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki zama ki yi hira da ni a gaban mutane. Kowa ya ɗauka Goggo za ki tura ta tambaye ni. Goggo har ta gyara ɗaurin ɗankwali, ga matan gida sun taru suna murmushi. Sai kika miƙe kika ce, “Ke, zo ki kama mini dakan nan.” Babu wanda yake bukatar gari a ranar.

Muka zaga bayan ɗaki. Kika zuba dawa, kika ba ni taɓarya ɗaya kika ɗauki ɗaya. Mun daɗe muna daka. Idonki yana cikin turmi, nawa ma haka. Sai can, ƙasa ƙasa, ta yadda ƙarar dakan za ta rufe, kika ce, “Mi ranki ya ce? In ba ki so, ni zan ce ban shirya ba. Ba mai jin daga gare ki ta fito.”

Na tsayar da taɓarya. Ke ma kika tsayar. Na yi tunani na gaske, don na ga ƙofa biyu ce a gabana kuma duk a buɗe suke. Sannan na ce ina so. Ba ki dube ni ba, kika ci gaba da daka.

Da wannan a raina na hau dutsen. Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba: rufin kwano yana ƙyalli, hasumiyar masallaci da ta coci, gonaki har inda ido ya tsaya. Nasiru ya nuna mini inda zai durƙusa. Na tsaya a inda Balki za ta tsaya, na juya. Mutum fiye da goma ne a bayana, kusan kowa da waya a hannu. Hanyar sauka guda ce, kuma su ne a kanta.

Kin fi ni sanin Balki. Ita ce wadda Goggo ta ba atamfa mai launin da ta tsana a gaban baƙi, ta yi godiya, ta ɗinka, ta sa har ta koɗe. Ranar walimar gama karatunta aka ce ta yi magana, ta ja mayafi ta rufe fuska har aka gaji aka tafa mata. Idan Nasiru ya durƙusa a kan dutsen nan, na san abin da za ta yi kamar ina gani. Za ta rufe fuska ta yi shiru. Mu kuma a wajenmu shirun budurwa amincewa ce. Za a yi guɗa, a sa mata zobe, kafin mu sauko bidiyon ya riga mu isa gida. Daga nan wace ƙofa ta rage mata?

Wataƙila tana son sa. Ina kyautata zaton haka. Tana dariya idan ya zo, tana ajiye masa kunu. Amma sau ɗaya na tambaye ta a kansa, ta ce, “Yana da kirki,” sai ta shiga gyara igiyar takalminta. Wani lokaci kuma ta yi mini zancen ƙarin karatun ungozoma a Sakkwato, ba ta sake tayar da shi ba, ni ma ban bi ba. A littafi ina sanin abin da ke zuciyar yarinya tun shafin farko, domin marubuciya ta gaya mini. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda kika damƙa mini hannunta a gadon asibiti, ban san abin da ke tata ba. Na san launin atamfar da za ta sa, na san inda rana za ta haska ta. Wannan kaɗai ban tsaya na nema ba.

Da la'asar Baban Ummi ya dawo daga Ribah, yana wanke mashin a ƙofar gida. Na zauna a dakali na kwashe komai na gaya masa, har da abin da na daɗe ina ɓoyewa, cewa ni ba a taɓa tambayata irin ta littafi ba. Na zaci zai ji haushi. Ya matse tsumma ya ce, “Ni durƙuso a kan dutse, da wannan bayan nawa? Sai dai a sauko da ni a amalanke.” Sai kuma ya ce, “Ranar nan ai ina waje. Ni na kawo Kawu a mashin, na laɓe a bayan katangarku. Na ji ana daka, na ji an tsaya. Wallahi tsayawar nan ta fi mini shekara. Da aka ci gaba kuwa, lugude na ji, har da tafi. Nan na san na samu.”

Inna, na manta da luguden. Sai da ya faɗa na tuna: kina jefa taɓarya sama, ki tafa, ki cafe. Ke da ba ki iya cewa kina murna da ni a fili, a turmi kika faɗa. Ashe akwai mutumin da ya tsaya a bayan katanga numfashinsa a riƙe saboda ni, ina can ina neman irinsa a cikin takarda.

Jiya na je shagon Nasiru. Na ce masa ba zan kai Balki kan dutsen nan ido rufe ba. Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce, “Haba Yaya, in ta sani ai an ɓata abin.” Na ce in tana so, saninta ba zai rage komai ba, za ta hau dutsen da ƙafarta ta yi mamakin ƙarya, mu tafa. Ya daɗe yana juya wata waya a hannu, sannan ya ce, “In kuma ba ta so fa?” Na ce to gara ya ji daga bakina a cikin shagonsa, ba mai kallo. Ya sunkuyar da kai ya koma kan gyaran wayar. Da zan fita dai ya ce in gaishe da Ummi.

Ni ma abin ya yi mini ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba. Furen yana nan a saman kwaba, ina wucewa ina kallonsa. Na so in ga abin nan sau ɗaya da idona.

Ba zan saki wannan wasiƙa a shafina na intanet ba sai bayan na yi magana da ita, kuma sai ta yarda. 'Yan'uwana masu karatu, waɗanda muke musayar littattafai, na san za su cika ni da tambayar me ta ce. Su yi haƙuri. Ke ba ki taɓa gaya wa kowa tsawon shirun da na yi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya saka miki da gidan Aljanna saboda dakan da kika yi ranar da ba a bukatar gari. Ya zaɓa wa Balki abin da ya fi alheri, Ya ba Nasiru haƙurin jin ko wace amsa ce, ni kuma Ya ba ni ikon riƙe bakina da idona a cikin turmi kamar yadda kika yi.

Turminki yana wajena, ya ɗan tsage a baki amma yana aiki. Na aika wa Balki cewa ta biyo gobe in ta tashi daga aiki, ina da dawa da ta fi ƙarfina. A nan zan tambaye ta.

Ɗiyarki ta fari,
Hauwa'u