Hon Biyun da Ban Ji Ba

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Tobiya ya faɗi yau, a kwalbatin nan da ruwa ya cinye kafin a kai Lau. Babur ya danne shi, salansa ta ƙone masa ƙafa, kafaɗa ta goce.

Shekara goma sha huɗu muna tafiya gonakinmu na shinkafa tare, mu huɗu, don hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Ni a gaba, sai Manga, sai Tobiya, Njidda a ƙarshe. Ni na kafa dokar da bakina: na gaba yana magana da hannu, na baya yana magana da hon. Ɗaya, a rage gudu. Biyu masu tsawo, a tsaya nan take.

Njidda ya ce ya danna biyu har sau biyar. Manga ya ji, ya tsaya. Ni kuwa na wuce abina, akwatin magani ɗaure a bayana, har da ɗan waƙata. Sai da Manga ya yi kilomita huɗu kafin ya kamo ni.

Na ce musu iska ce, da ƙarar salansata.

Litinin, 7 ga Yuli

Na je duba Tobiya a gidansa a unguwar Barade. Yana kwance, ƙafa a naɗe, amma bakin nan nasa bai goce ba. Ya nuna mini wani abu a wayarsa, wai shi intakom. Ana maƙala shi a hular kwano, sifika biyu a kunne, makirfo a baki, ku yi ta hira kuna gudu.

“Baba Matiyu, zamanin hon ya wuce. Kai ne shugaban hanya, kai za ka zaɓa mana.”

Sau biyu ya faɗa, na biyun da ƙarfi. Na lura.

A hanyar gida na ji wani sanyi a raina. Idan maganar tana shiga cikin kunne kai tsaye, ai shi ke nan, asirina ya rufu.

Laraba, 9 ga Yuli

Shagon Muntasir mai kayan waya, a babbar kasuwa. Mutumin nan da surutu aka haife shi. Iri uku ya zube mini a kan tebur.

Na farko na mutum biyu ne kawai, bai yi mana ba. Na biyu yana ɗaukar huɗu, amma a jere yake haɗa mutane kamar sarƙa, in na tsakiya ya yi nisa sai na gaba da na baya su rabu. Na uku kowa yana haɗe da kowa, wanda ya ɓace ya dawo zai shiga da kansa. Ya yi ta lissafo nisan zango, da awa nawa caji ke kaiwa, da wanda ruwan sama ba ya shiga.

Ni tambayata ɗaya: wanne ya fi ƙara?

Ya ce, “Baba, ai duka suna da ƙara. Ka tambayi nisa mana.”

Na ce na ji, amma wanne ya fi ƙara? Ya dube ni, ya dubi kunnena, sannan ya miƙo na biyun. Ya ce in je in gwada kwana biyu. Gara ma ya zage ni da wannan kallon.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ban gwada ba. Yana cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na sa matata Alisabatu ta sa hular Tobiya ta koma bayan gida wajen bishiyar mangwaro. Ta yi ta dariya, wai shekara talatin da aure sai yau na saya mata ɗankwalin ƙarfe.

Na ƙure ƙarar har ƙarshe. Babur a kashe, ina tsintar kalma ɗaya cikin uku. Da na tayar da inji kuwa, sai wani zuuu kamar ƙudan zuma a cikin gora. Na daure na ce, “Ina jin ki sarai! Ras nake jin ki!”

Sai ga ta ta zagayo, hular a hannu. Babu dariyar.

“Baban Lucy, ni ban fara magana ba tukuna. Ina neman wurin dannawa ne.”

Na ce kayan banza ne, Muntasir ya cuce ni. Na yi ta faɗa, na zagi mai shago, na zagi waɗanda suka ƙera abin. Ta tsaya har na gama, sannan ta zo daidai gabana, inda nake ganin bakinta, ta ce ranar Talata za mu asibiti.

Yaushe ta fara tsayawa a gabana in za ta yi magana? Na yi ta tunani. Ya fi shekara.

Asabar, 12 ga Yuli

Na aika cewa zazzaɓi nake. Njidda da Manga sun tafi su biyu. Ciyawa tana cin gonata, ni ina zaune ina kallon kaji.

Talata, 15 ga Yuli

Asibiti. Wata likita ta sa mini abin kunne, ta ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Na zauna ina jira a fara. Ashe an daɗe da farawa.

Ta tambayi aikin da na yi a baya. Na ce shekara ashirin da biyu a injin casar shinkafa. Ta gyaɗa kai kawai. Kunnen hagu ya tafi, na dama yana bin sa, kuma ba ya dawowa. Akwai na'urar da za ta taimaka a cikin ɗaki ko a coci. A kan babur, cikin iska da ƙarar inji, ta ce kada in sa rai.

Na ce to intakom fa, in an sami mai ƙara sosai? Ta rubuta mini amsar a takarda, don kada in ce ban ji ba: ƙara ba za ta gyara ba, sai dai ta ƙarasa na daman.

Tsoro nake ji. A nan kaɗai zan iya faɗa.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na mayar wa Muntasir kayansa. Na ce ba mu yanke shawara ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

A coci ina bin bakin mutane in san baitin da ake. Bayan an tashi Njidda ya zo gida da kindirmo a kwarya. Ya ja kujera ta ɓangaren damana ya zauna. Shi ma ya sani ke nan.

Na fara ba shi labarin zazzaɓi, ya ɗaga hannu.

“Soobajo, abokina, bari wannan. Shekara biyu ke nan ina danna hon saboda Manga, ba saboda kai ba. In ya ji sai ya matso kusa da kai ya yi maka hannu. Ran nan ne kawai ya tsaya ɗaga babur.”

Shekara biyu! Ni ina gaba ina hura hanci, ashe ja na ake kamar makaho. Na tambaye shi me ya sa ba su faɗa ba. Ya ce kunya. To ga inda kunyarsu da girman kaina suka kai ƙafar Tobiya.

Sai ya kawo shawararsa. Wai mu yi musanya. Na gaba shi ke buƙatar kunne, na baya ido yake buƙata da baki. In akwai intakom, ni zan ga kowa, in faɗa, su ji.

Na ce ni Matiyu, da na san kowane rami daga nan har bakin kogi, in koma shan taɓon tayar Tobiya? Gara in sayar da babur ɗin, in ba da gonar haya. Na faɗa da ƙarfi, ina jin har maƙwabta sun ji. Ya shanye ruwansa, ya ce in gaida Maman Lucy, ya tafi.

Laraba, 23 ga Yuli

Alisabatu ta ƙwala mini kira daga madafa, wai har sau huɗu. Miya ce kawai ta ƙone. Wata rana ba miya ba ce.

Asabar, 26 ga Yuli

Sun tafi. Manga ya turo hoton gonata, sun cire mini ciyawar gefen rafi. Na kife wayar.

Talata, 29 ga Yuli

Na koma wurin Muntasir, don dai Tobiya ya dame ni da saƙo, kuma aikin da aka ba ni ne. Na ɗauki na ukun, wanda kowa ke haɗe da kowa, guda huɗu. Ya fara yabon sifikarsa, na ce ya bar wannan. Na sa hular, na sa ya tsallaka titi da ɗayar, na tsaya kusa da janaretan maƙwabcinsa ina ƙirga ɗaya zuwa goma. Ya dawo ya ce ko lamba ɗaya bai rasa ba.

Makirfo mai kyau ne. Ba wai na yarda da maganar Njidda ba ne.

Asabar, 2 ga Agusta

Tobiya ya hau yau, yana ɗingishi. Mun haɗu a bakin gari kamar kullum. Na tsaya ɗaure akwatin magani, igiyar ta ba ni wahala, kafin in gama sun jera. Njidda a gaba. Ba wanda ya waiwayo, na bi bayan Tobiya.

Baya ba daɗi. Taɓo har cikin hanci. Kuma suna ta hira, na sani, don na ga kafaɗun Manga suna rawa da dariya. Shekara goma sha huɗu ba mu taɓa hira a hanya ba, yau da aka fara babu ni a ciki. Zuuu kawai. Na rage ƙarar gaba ɗaya, in adana abin da ya saura.

Kafin kwalbatin na ga buhun takin Tobiya ya karkace, igiya tana lilo kusa da taya. Na ce, “Tobiya, igiyarka. Kowa ya tsaya.” Ban ɗaga murya ba ma.

Fitilun birki uku suka kama a tare.

Ya gyara, muka ci gaba. Da muka kusa kwalbatin na ce wa Njidda ya bi ta hagu, dama ta zurma. Ya ɗaga hannun hagu sama alamar ya ji, Manga ya ɗaga, Tobiya ya ɗaga da kafaɗarsa mai ciwo. Ban koya musu wannan ba, sun shirya abinsu ne ban sani ba. Duk abin da na faɗa har gona, hannu uku.

Kunnen dama ya fi na makon jiya muni, ko ruwan da aka yi da yamma a kan kwano ban ji ba. Ban san damina nawa ta rage mini a hanyar nan ba.

Alisabatu ta wanke rigar, ta ce taɓon ba zai fita duka ba. Na ce ta ajiye ta haka nan, ita zan sa ranar Asabar.