Garin Ɓawon da Na Sha

Litinin, 6 ga Maris, 2006

Sati uku ke nan ina dama garin ɓawon itacen nan, slippery elm, da na saya a shagon High Point Road. Yauƙi gare shi kamar dargaza. Ƙwannafin da nake sha dominsa ya lafa. Amma yau a ɗakin wanki na otal ɗin da nake aiki jiri ya ɗebe ni. Anti Salomi, 'yar Jos da muke ninke zannuwa tare, ta dube ni ta ce, "Dalila, yaushe rabonki da al'ada?" Na hau ƙirga kwanaki da yatsu.

Laraba, 8 ga Maris

Na sayi abin gwaji a farmasi. Ciki ne. Ban gaya wa mijina Moctar ba. Ɓari biyu a Maraɗi, ɗaya a nan ƙasar waje. Ba zan iya sake kallon fuskarsa irin ta wancan karon ba.

Alhamis, 9 ga Maris

Na kai wa Anti Salomi kwalin garin ta karanta mini ƙananan rubutun. Wai mai ciki ta tambayi likita kafin ta sha. Ta ce ta taɓa jin ana danganta ɓawon da zubewar ciki, amma ba ta da tabbas. Kullum kofi biyu, ni da hannuna!

Asabar, 11 ga Maris

Ɗigon jini da safe. Kaɗan. Ya Allah.

Lahadi, 12 ga Maris

Moctar ya ga kwalin garin a shara. "Ba ke kika ce yana miki amfani ba?" Sai kuka ya ƙwace mini, na faɗa masa komai. Abin da ya ce kawai: "Shi ne kika ɗauka ke kaɗai?"

Talata, 14 ga Maris

Asibiti. Likitar ta ce in daina sha, amma kada in ɗora wa kaina laifi. Ta juyo mini da allon na'urar hoton ciki: wani ɗan ɗigo yana bugawa da sauri. Sati bakwai. Ta ce ba ta yi alkawari ba, mu dawo bayan sati biyu. Moctar ya riƙe ƙarfen gado har muka gama.

Lahadi, 19 ga Maris

Jinin ya tsaya. Ba na sa rai, na riga na gaya wa zuciyata. Mun je wani kanti a Wendover sayen shinkafa, ban san yadda aka yi na tsinci kaina gaban safar jarirai ba. Ban saya ba. Na dai tambayi matar ko suna da fara.