Sabon Birki Kafin Chuseok

Malam Seo mai filin motoci a jarida, don girman iyayenka ka taimake ni da amsa kafin bikin kaka na Chuseok. Bayan Chuseok, ko ta wane gefe abin ya faɗi, amsar ba za ta yi mini amfani ba.

Tambayata ta birki ce. Maigidana yana da jif, ɗanmu ne ya saya masa, kuma ya matsa lallai a canja mata takalman birki da faya-fayan ƙarfen da suke matsewa, a sa manya masu huda-huda irin na 'yan tsere. Ni busasshen kifi nake sayarwa a kasuwar Jeongseon. Daga nesa ina gane kifin da ya sha sanyin dutse da wanda aka busar a inji aka yi masa ƙarya, amma ƙarfe ban san shi ba. Shi ya sa na zo gare ka.

Bari in kira shi Baban Tae-gyun. Shekararsa saba'in da huɗu. Arba'in daga ciki a kan babbar mota ya yi su, yana sauko da kabeji daga gonakin kan dutse zuwa Seoul, kuma ko kaza bai taɓa takawa ba. Wannan maganar ba sai ka tambaye shi ba, zai faɗa maka tun kafin ku gama gaisawa. Gidanmu yana can sama. Hanyar da ke saukowa gari ta murɗe kamar hanjin akuya, ƙarshenta kuma mahaɗa ce a bakin makarantar firamare.

Farkon bazara ya tsaya a mahaɗar nan, sai da ya wuce farin layi da tsawon mota guda. Ya ce takalman birki sun cinye. Muka je garejin Pyo aka canja. Da damina, wajen juyawa a ƙofar gida, ya shige cikin randunan daddawar waken soya na maƙwabciyarmu Namgung, randunan da ta gada daga surukarta. Ya ce faifai ne ya lanƙwashe. Muka koma wurin Pyo aka canja. Duk lokacin da aka taɓa motar kuma sai an yi mata gosa, al'adar nema mata tsari, kamar sabuwa: a shimfiɗa tabarma a gabanta, ya durƙusa, ya zuba barasar shinkafa a tayoyi huɗu, a ɗaure kifi da farin zare a ajiye a but ɗin motar. Kifin daga rumfata yake fitowa, mafi kyau, ba na yi wa mota ha'inci. Sauran barasar mu da maƙwabta muke shanyewa, shi ba ya ko ɗanɗanawa, don ya ce mai riƙe sitiyari kallo ne rabonsa. Namgung ta ce motar nan ta fi marigayi mijinta sha, amma shi aƙalla in ya bugu gida yake nufa, ba randa ba.

Makon jiya wata tsohuwa tana tsallake mahaɗar, tana tura keken jarirai da ta cika da kabewa. Motar ta tsaya, amma sai da hancinta ya taɓa keken. Kabewa ɗaya ta faɗo ta gangara titi. Tsohuwar tana zaginsa, yana ta sunkuyawa yana ba da haƙuri, ni kuwa ina zaune ina kallon kabewar, abin da ya zo mini a rai kawai shi ne ba ta nuna ba, an yi saurin tsinke ta. Da muka kama hanya ya ce yanzu ya gane, birkin kamfani ya yi wa nauyin motar kaɗan.

To, ga abin da ban faɗa wa Pyo ba, ban faɗa wa ɗanmu ba.

Ranar da aka canja faya-fayan, da ya dawo gida ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya hau daɓe, sai na ga kowane taku yana barin jan tambari. Ya waiwaya ya gani, ya tambaye ni ko kaza na yanka. Na zaunar da shi na cire masa safa. Ƙusa ce daga garejin, ta huda ƙasan takalmin ta shige tafin ƙafarsa ta dama, kuma tun safe yake yawo a kanta. Na wanke, na sa magani, na ɗaure. Ya kunna talabijin. Na goge daɓen. Har yau babu wanda ya ɗauko maganar a cikinmu. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, yana zuwa karɓar magani duk wata, amma in likita ya tambaye shi jiki sai ya ce ƙalau, ya miƙe tun kujerar ba ta ɗumama ba.

Tun daga ranar na daina kallon hanya, ƙafarsa nake kallo. In ya ɗaga ta daga totur sai ta tsaya tana lalube, kamar mai saye da ke neman canji a aljihun da ya san babu. A gangara kuwa ɗora ta yake a kan birki ya manta, har sai ƙauri ya shigo mana ta taga. Ina jin Pyo ya gane wani abu, don na ga yadda ya juya tsofaffin takalman birkin a hannunsa, ya ga ba su cinye ba. Amma ban ga laifinsa ba. Ni ma ban taɓa ce wa mai saye ba yunwa yake ji ba.

Za ka ce in gaya wa Tae-gyun. In na gaya masa, kafin sati ya zagayo ya zo ya karɓi makulli, matarsa kuma tuni ta gyara mana ɗaki a hawa na sha tara na benensu a birnin Suwon, har da labule. Yarinyar kirki ce, wannan ne ma abin tsoron. Bas sau biyu take hawowa wajenmu a rana. In babu mota babu kasuwa, in babu kasuwa ban san me zan yi da bakina ba. Abokin maigidana Chun-bae ya miƙa lasisinsa, aka ba shi katin shiga bas, bai yi shekara ba ya rasu. A wajen makokin Baban Tae-gyun ya ce mini, “Ranar da ya miƙa makulli ya mutu. Yau dai muka samu sukunin binne shi.”

Ni ma ina da lasisi, in ana maganar takarda. Mun yi shi ne a zuga da matan kasuwa tun gashina yana baƙi. Da na kawo gida maigidana ya yi dariya har da tari, na sa shi a durowa ƙarƙashin barguna, ina sabuntawa in lokaci ya yi, shi ke nan. Lasisin durowa, kamar na rabin matan garin nan. Shekarata sittin da shida. Na faɗa ne kawai don kada ka ce na ɓoye wani abu.

Da Chuseok yara za su zo a jirgin ƙasa. Maigidana ne zai ɗauko su, shi zai hau da mu kaburburan iyayensa, waɗanda suke sama da gidanmu ma, shi zai sauko da mu. Ya rantse muddin yana numfashi ba za a kai shi gaban mahaifinsa a kujerar fasinja ba. Jikarmu Sol-bi, 'yar shekara bakwai, bayansa take zama, ta rungume wuyan kujerarsa tana ƙirga masa kwana.

Na san ya kamata in ji tsoro. Na nema ban samu ba. Ina cin abincina, ina barcina, har na ware kifin gosa na uku na naɗa masa zare. Wani lokaci ina cewa ko ni ma wani abu nake takawa tun safe.

Don haka ga tambayar: manyan faya-fayan nan da takalman tsere, za su iya cike ɗan jinkirin da ƙafa take yi? In eh ne, gobe zan biya, ko ciniki ba zan yi ba, kuma Pyo zai ɗauka ba ni da lafiya. In a'a ne, ka faɗa a hankali. Duk Asabar da filinka maigidana yake fara karanta jarida. Na canja sunaye, randunan ne ban iya canjawa ba.

Mai Kifi, daga Jeongseon

*

Uwargida Mai Kifi,

A'a ne. Zan faɗa a hankali, amma ba zan rage masa nauyi ba.

Mu fara da ƙarfe, tunda ta nan kika shigo. Maigidanki bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Jif tana da nauyi, doguwar gangara tana dafa birki, kuma birkin da ya yi zafi yana sakin jiki. Takalma masu kyau da lafiyayyen faifai suna jure wannan, kuma duk mai zama a kan dutse ya cancanci su. Amma faifai mai huda, a hanya irin taku, rabinsa ado ne. Takalman tsere kuwa sai sun yi zafi suke cizo, da sanyin safiya a bakin makaranta suna iya zama baya ga na kamfani. In kuna son tsayuwa ta gyaru, a duba tayoyi, don su ne ke riƙe ƙasa, a canja man birki in ya tsufa, a riƙa sauka da ƙaramar giya. Sabbin takalma kuma suna son a bi su a hankali kwanakin farko har su saba da faifai.

Duk wannan sai an taka yake aiki. Birkin da ya fi kowane tsada a ƙasar nan, zaune yake yana jiran ƙafa. Tazarar da mota ke ci yayin da ƙafa ke lalube, babu bakaniken da ke sayar da maganinta. Ƙaurin da kike ji kuma, ƙafar da ta manta kanta a kan birki ce ke jawo shi, kuma manyan faya-fayan ma haka za ta dafa su.

Tsoronki na hawa na sha tara ba shirme ba ne, na ga mutanen da rashin makulli ya ƙarar. Amma ki ɗora shi a sikeli da yarinyar da ke rungume da wuyan kujera, ke kin fi ni sanin awo. Wannan makon ki bi maigidanki wurin likita, ki shiga ɗakin tare da shi, ki faɗi maganar ƙusar da bakinki. Ƙafar da ba ta jin ƙusa tana bukatar kulawa ko babu mota a duniya. Har sai likita ya yi magana, kada ya tuƙa, ko zuwa kasuwa. Da Chuseok Tae-gyun zai riƙe sitiyari, hawa da sauka. Ki kira shi tun yanzu, ki ce masa makulli aro ne, labulen Suwon kuma ya jira.

Sannan ki ɗaga barguna. Mace mai sittin da shida da ke gane ƙaryar kifi daga nesa za ta iya koyon mota mai canja giya da kanta. Ki fara da makarantar tuƙi, a fili, ba a gangara ba, kuma ba bana za ki ɗauki jika ba. Rashin jin tsoron nan da ya dame ki, ban ɗauke shi taurin zuciya ba. Wanda ya daɗe da kaya a ka shi kaɗai, wuyansa ne ke fara mutuwa. In kin sauke bai dawo ba, ke ma ki faɗa wa likitan.

Na kuma lura da layinki na ƙarshe. Ba ni kika rubuta wa ba, ni ɗan aike ne. To bari in isar.

Yaya direba, na yi shekara ashirin ina jan bas a waɗannan duwatsun, rabin naka ke nan, don haka a tsaye nake magana. Shekara arba'in ko kaza ba ka taka ba. Wannan suna ne, kuma abu ɗaya ya rage da zai iya ɓata shi. Ka san ba faifai ba ne, ka sani tun ranar da ka ga tambarin nan a daɓe. Mahaifinka ba zai tambayi kujerar da ka zauna ba, jikokin da ka kawo masa zai ƙirga. Matarka kuma tana bukatar wanda ya san kowace kwana ta hanyar nan ya zauna a damanta, ya ce mata nan a rage, nan a saki. Makaranta ba ta da wannan. Dariyar da ka yi wa lasisinta ne kawai za ka biya, kuma ina jin ba za ta yi maka ragi ba.

Kifin da aka naɗa wa zare kada ya tashi a banza. Ranar da za ta fara fita da motar, ku shimfiɗa tabarma, ku kira Namgung, a kawar da randunan da suka rage. Uwargida ta zuba wa tayoyi nasu, a kan roba, ba kan faifai ba. Abin da ya rage a kwalba, in likita ya yarda da kurɓi ɗaya, a miƙa maka ƙoƙon. Shekara arba'in kana kallo ana shanyewa.

Ina yi muku fatan Chuseok mai albarka, ku hau lafiya, ku sauko a cike.

Seo