Katin Zaɓen Bunyaminu

Geza, 8 ga Janairu, 2023

Zuwa ga Yayana Namadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Aminat da yara. Ya ƙafar nan taka, ta daina kumburi? Na ɗauki biro maimakon waya ne don in na ji muryarka kuka zan yi, kai kuwa ba ka iya lallashi ba.

Ranar kasuwar Bagudo jami'an shige da fice suka tare maigidana Bunyaminu a hanya, suka ga katin zaɓe a aljihunsa. Suka tambaye shi inda aka haife shi da garin ubansa. Ka san halinsa, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai yi ƙarya ba. Ya ce ƙetare ne, wajen Segbana. Sun karɓe katin, sun ce baƙo ba ya zaɓe, kuma za a duba maganarsa: ko kotu, ko a mayar da shi Benin.

Yaya, mutumin da ya fi shekara ashirin yana noma a Geza, shi ne baƙo? Na je wurin kansila, ya tura ni wurin ciyaman. Ciyaman ya ce zama ɗan ƙasa ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne, ko gwamna ba ya bayarwa, sai Tarayya. Ni ban taɓa sanin Abuja na da ta cewa a ɗakina ba.

Na tuna Aminat ƙauyensu ɗaya da shi, kuma albarkacin aurenka aka yi mata rajistar zama 'yar ƙasa. Don Allah ka tambayi ɗiyarka Mashkura, tunda ta zama lauya, yadda zan yi masa irin wannan.

Ƙanwarka,
Kubura

Geza, 21 ga Janairu, 2023

Yayana Namadi,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Bayanin Mashkura ya iso ta waya, na gode, amma ya ɓata mini rai.

Ashe tsarin mulki ya yarda namiji ya ja matarsa baƙuwa ta zama 'yar ƙasa, amma mace ba ta jan mijinta. Ciki ɗaya muka fito ni da kai, liman ɗaya ya ɗaura aurenmu, amma naka auren ƙofa ne, nawa katanga. Ta ce gyara wannan sai Majalisar Tarayya ta amince, sannan kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. Kafin su gama shawara an sa mini miji a mota.

Sai a ƙarshen waya ta tambaye ni garin mahaifiyarsa. Har dariya ta ba ni. Wa bai san Inna 'yar Zagga ce, nan ƙasarmu, aure ya kai ta ƙetare ba? Gidan ubanta na nan, ƙannenta na nan. Mashkura ta ce ai shi ke nan: wanda aka haifa a waje, in uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa. Mu duka uba kawai muke ƙirgawa, har shi kansa.

Ga matsalar. Ba shi da takardar haihuwa, don haka sai Inna ta zo kotu ta rantse cewa ita ta haife shi, ta faɗi sunansa. Kuma shi ne ɗanta na fari. Tun da na shiga gidan nan ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, sai dai ta ce yayan Hassan. In ya shigo gaisuwa, bango take kallo. Bunyaminu ya ce gara a mayar da shi da a tsayar da tsohuwa gaban jama'a ta karya kunyarta. Na yi masa faɗa har maƙwabta suka leƙo, ya ɗauki fartanya ya fita.

Ban gaya masa ba, na aiki ƙaninsa Hassan ya je ya faɗa mata komai. Ina jin tsoro, Yaya.

Taka,
Kubura

Geza, 6 ga Fabrairu, 2023

Yayana,

Sallama da gaisuwa, a gaida Aminat, a shi wa Mashkura albarka.

Inna ta zo. A bayan babur Hassan ya kawo ta, ƙafafunta sun yi fari da ƙura. Ruwan alwala kawai ta nema. Washegari muka tafi kotu da ƙannenta biyu daga Zagga, su ma shaidu.

Da aka tambaye ta garinsu da sunan ubanta, ta amsa tiryan-tiryan. Da aka nuna Bunyaminu aka ce wane ne wannan a wurinki, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce yayan Hassan ne. Magatakarda, Allah Ya saka masa, bai yi dariya ba. Ya ce Inna, doka ba ta san Hassan ba, suna take so. Har na fidda rai. Sai na ji ta ce, a hankali: Bunyaminu ne, ɗana ne, ni na haife shi.

Jami'an sun karɓi rantsuwar, sun ce maganar kora ta mutu, katin ma za a mayar masa. Na yi farin ciki, amma haushina bai tafi ba. Ƙasar da ta ƙi karɓarsa daga hannun matarsa ta karɓe shi daga bayan uwarsa. Ina da 'ya'ya mata, kuma ƙetare ba nisa, don haka duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'ata zai sha tambaya.

Inna ta koma jiya, ko kallonsa ba ta yi ba da ya raka ta bakin hanya. Da ya dawo na ce to, ɗan ƙasa, wa za ka zaɓa? Bai ma ji ni ba. Ya zauna a bakin rumbu yana share ido da hula, sai tambayata yake ko ni ma na ji lokacin da ta faɗa, don shi shekararsa hamsin bai san ta iya sunan ba.

Ƙanwarka,
Kubura