Auta da Gajeriyar Hanya

Zuwa ga Yayansu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar takwarata. Yaya ƙafar da ka ce tana damunka? Mu nan kalau muke, in ban da rigimar da ka aiko mana a kwali.

Keken nan mai ƙattin tayoyi nake nufi. Wa ya aike ka? Yaro ya ce yana son abin zuwa makaranta, kai kuma ka sayo masa na hawa duwatsu. Tun da ya iso Auta bai ƙara zama ya ci abinci kamar ɗan mutane ba. A ɗakinsa keken yake kwana, har da shimfiɗa masa buhu, ni kuwa da na haife shi sai na yi ta sallama kafin ya ɗago kai.

Yanzu shi da abokansa sun ƙulla za su hau dutsen nan na bayan gari ranar Asabar. Wai za su tuƙa kekuna har gindinsa, su ɗaure su a can, su ƙarasa sama da ƙafa. Na tambaye shi me aka ajiye masa a saman, ya ce iska. Iska! Kamar ta gidanmu ta ƙare. Na so in hana, Babanku ya ce namiji ne, a bar shi. Bakinsa ba ya nauyi da wannan maganar, tunda ba shi ke jinya ba.

Na ce in dai tafiyar ta zama dole, ni zan zaɓi hanya. Sun manna taswira a bango, hanyoyi biyu ne zuwa gindin dutsen. Ɗaya ta zagaya ta gada, doguwa, fili fetal ba alamar kowa. Ɗayar ta bi bayan tsohon wurin fasa dutse. Ban je makarantar manya a banza ba, na karanta tsawon kowacce da idona, wannan ko rabin waccan ba ta kai ba. Ga shi an zana mata layuka cunkus, kusa da kusa, kunyoyin gonaki ke nan, ko wani abu ya faru akwai mutane. Auta ya buɗe baki zai yi musu, na ce ban son jin komai, ya kama hannuna ya yi mini alkawari. Ya yi.

Ka kira shi ka ƙara ja masa kunne, ya fi jin taka. Ka gaishe da mutanen gidan.

Mahaifiyarka

Zuwa ga Yayansu,

Ina gaishe da maiɗakinka da yarinya, Allah ya raya ta. Kai ma ina fatan kana lafiya, don ina so ka karanta wannan da ƙarfinka.

Ranar Asabar da safe, bayan Auta ya fita, na kai wa mai gyaran keke famfonsa da yaron ya ara. Ina ta alfahari, na gaya masa hanyar da na zaɓa. Mutumin nan ya ajiye sifana ya miƙe tsaye. Ya ce layukan da na gani ba gonaki ba ne, haka ake zana gangare, kuma matsuwarsu ita ce tsananinsa. Ya ce tsakuwa ce zalla mai zamewa, birki ba ya kama ta, ƙarshenta kuma ramin da aka bari bayan fasa dutse. Bai ko rufe shago ba, ya tayar da babur ya ce in hau. Ni da ban taɓa yarda da babur ba, ni ce ke ce masa ya ƙara wuta.

A mararraba muka same shi, shi kaɗai. Abokan sun bi ta gada. Ya ɗaure hular kwano tamau, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon gangaren. Ni ma na leƙa. Ko akuya sai ta yi shawara.

Na ce masa ashe ya sani, me ya sa bai bi 'yan'uwansa ba? Ya ce ai ya kama hannuna. Da na matsa, sai ya faɗa mini sauran. Babanku ya ja shi gefe ya ce ya amsa mini da to, in ya fita ya bi abokansa, ai ba zan sani ba. Auta ya kuma ce da ka kira shi, maganar da ka gaya masa ke nan, har kana dariya wai a bar Umma da gonakinta.

A nan bakin gangaren na ce na warware alkawarin. Mai gyara ya kira yaran a waya suka jira Auta a gada. Sun hau dutsensu, ya dawo da la'asar duk laka, lafiya lau.

Ban ƙi a ce na yi kuskure ba. Wanda ya koyi karatu da furfura dole wani abu ya wuce shi. Amma kai ka san ma'anar layukan nan, Babanku ya sani. Me zai rage ku in kun zaunar da ni kun nuna mini? Ina da faɗa, na sani, amma ban taɓa cizon kowa ba. Kuka ga ya fi sauƙi ku lallaɓa ni kamar ƙaramar yarinya, ku koya wa ƙaninka yi mini ƙarya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa, in yaron ya ƙi yin ƙaryar fa?

Babanku yana ta kewaye-kewaye a tsakar gida yana neman fuskata, bai samu ba tukuna. Kai ma kada ka kira ni a waya ka rufe ni da daɗin baki. Ka zauna ka rubuto amsa da hannunka, yadda na zauna na rubuta. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya ɗauki maganata da nauyi, shi ne kuma kuka bari a bakin rami.

Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Mahaifiyarka