Koren Ruwa a Gidan Alhaji Tukur

Litinin, 7 ga Afrilu
Kwamin wankan ya sake yin kore. Na tsoma takardar gwaji, ta fito fara fat, kamar ba a taɓa zuba garin kulorin mai tsabtace ruwa ba. Ga ƙannen Alhaji za su zo daga Kaduna ran Asabar da yaransu, kuma na riga na cika baki a waya. Duk Dutsin-Ma gida nawa ke da irinsa? Baba Lado ke kula da shi. Tsohon da ya yi wa mahaifina noma a Wurma, na ɗauko shi don tausayi. Ga abin da tausayi ya jawo min.

Talata, 8 ga Afrilu
Baba Lado wai, "Hajiya, da an bari sai rana ta faɗi a zuba. Zafin nan shanye shi yake." Na tambaye shi a wace makaranta ya karanta haka, shi da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Da azahar zai riƙa zubawa, ina kallo ta taga.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Ninki biyu aka zuba. Da la'asar na gwada, babu. Da tafin hannu yake ɗiba, duk fatar ta saɓule. Ba zan saya masa safar hannu ba sai ruwan ya gyaru. Batula mai girki ta ce a Kurfi ana neman garin nan don rijiya. Ashe.

Asabar, 12 ga Afrilu
Yara sun shiga, ƙaramar ta fito tana susa, jiki duk ƙuraje. Uwarta ta janye ta tana yatsina. A gabansu na kira Baba Lado, na sa aka zazzage jakarsa a ƙasa. Riga biyu, carbi, goro, man zafi na gwiwa. Na ce ai ya riga ya sayar. Na ce ɓarawo, sau biyu, don na bakin ƙofa su ji. Ya tsugunna yana tattarawa da yatsun nan nasa, ya ɗago ya ce, "Zaituna, ni?" Tun ina ƙarama rabon da ya kira sunana. Na ce a buɗe masa ƙofa.

Laraba, 16 ga Afrilu
Mutawakkil mai gyara ya zo daga Katsina. Ya ce ranar bazara awa biyu ta ishe ta ta cinye kulorin, in ba a haɗa da garin da ke kare shi ba. Matatar ruwan ma ta toshe. "Wa ya ce a zuba da tsakar rana, Hajiya?" Na ce tsohon ne.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Ruwa garau, har ƙasan ana gani. Batula ta ce magana ta isa Wurma, an karɓe makullin rumbun masallaci daga hannun Baba Lado. Shekara ashirin yana riƙe da shi. Na ce ta kula da miyarta.

Talata, 22 ga Afrilu
Na aika direba Wurma ya kai wa tsohon buhun gero. Ya dawo da shi. Wai yana godiya, yana da na ci. Girman kai.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Ba wani abu. Na dai ce wa Alhaji gobe zan je Wurma gaida Gwaggo, kuma zan biya wajen liman. Ya dube ni ya ci gaba da shan shayinsa. Shekarar Gwaggo biyu da rasuwa, Alhajin ne ma ya yi mata salla.