'Ya'yana sun mayar da faɗuwar gabana jiniya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai ni maƙura.

Ni ba yarinya ba ce, ina da jikoki, kuma a nan Anacha aka haife ni. Ina ƙarama, ana dab da yaƙin basasa, wata safiya Innarmu tana tankaɗe sai ta ajiye rariya, ta ce gabanta na faɗuwa, ba za ta ƙara kwana a garin nan ba. Babanmu ya yi faɗan ya gaji, muka hau motar da ta sauke shanu muka nufi Arewa, ko tukunya ba mu ɗauka ba. Maƙwabtan da suka yi mana dariya, da yawansu ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Bayan yaƙi muka dawo, tun daga nan ba a wasa da faɗuwar gaba a gidanmu, wai baiwa ce, wai kuma ni na gada.

Ni dai na san abin da na gada. Zuciya ta yi ta dukan ƙirjina kamar ana daka, numfashi ya tsaya a wuya, ko da tayar babur ɗin haya ce ta fashe a layi. 'Ya'yana biyu albasa suke sayarwa a Kasuwar Relief, kullum da safe babban zai leƙo ya ce, Hajiya yaya gaban? In na ce lafiya su fita, in na ce yana faɗuwa su zauna, a buga wa direba waya ya dakata da kaya a hanya. Sau ɗaya abin ya dace da ranar da aka yi hatsaniya, shi suke ta ba da labari har yau, ranakun da suka zauna a banza gari lafiya lau kuwa babu mai tunawa.

Bara na yanke jiki na faɗi, aka kai ni asibiti. Aka yi gwaje-gwaje aka ce zuciyar ƙalau take, ciwon fargaba ne. Aka ɗora ni a kan magani, aka haɗa ni da wata likita da muke zama muna magana. Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni abin da na gani ta ramin katakon motar shanun nan, na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya. Na fara barci, na fara cin abinci, har cefane nake zuwa da ƙafata.

To watan jiya rigima ta tashi a bakin kasuwa, ranar kuma na ce musu lafiya. Aka farfasa rumfarsu, aka rotsa wa ƙaramin kai sai da aka yi ɗinki. Babban ya zo ya tsaya a kaina, wai ƙwaya ta kashe baiwar gidanmu, wai na zaɓi barci a kan ran 'ya'yana, wai Inna ba ta sha magani ba shi ya sa muke raye. Innar da ta ƙare rayuwarta da ƙullin kaya a gindin gado, ba wanda ya tuna wannan. Ya kwashe maganin, ya ce babu mai ƙara kai ni wajen likitar nan mai surutu. In na dubi ɗinkin ƙaramin kuwa, ni kaina sai in ji kamar ni na jefe shi.

Tun da aka ɗauke maganin ciwon ya dawo sabo. Yau da safe babban ya leƙo ya same ni dafe da ƙirji ina haki, ya ce yaya gaban, na ce yana faɗuwa. Wallahi sai na ga fuskarsa ta saki, ya ce alhamdulillahi. Ɗan da na haifa.

Likitar ta gargaɗe ni kada in yanke maganin kai tsaye. In koma in karɓa a ɓoye, in riƙa yi musu ƙarya duk safiya? Ko in sha a gabansu, duk abin da ya sake samun su ya zama ni ce? Ko kuwa in haƙura in ci gaba da yi musu gadi da ƙirjina har ranar da zai daina bugawa?